Wane Ne Shi, Kuma a Wane Hali Yake? Nasiha ga Matasa Masu Zanen Manhaja

Sana'ar tsara manhajojin waya da shafukan intanet ta shigo hannun matasanmu da ƙarfi, musamman tun da gwamnatin tarayya ta buɗe shirin 3MTT a ƙarshen 2023, ta sa zanen manhaja cikin fannonin da ake koyarwa. A Keffi, inda Jami'ar Jihar Nasarawa ta tara dubban ɗalibai, Abuja kuma tana nan kusa, tafiyar kusan kilomita 50, ba wuya ka tarar da saurayi ko budurwa sun buɗe Figma a kwamfutar aro suna gina manhajar da suke fatan za ta kai su ga samun aiki. Abin farin ciki ne. Sai dai wanda ya saba duba ayyukan da masu koyo ke jerawa don nuna wa masu ɗaukar aiki zai lura da wani shafi da ba ya taɓa ɓacewa: hoton mutum yana murmushi, ga suna, ga shekaru, ga sana'a, ga jerin abin da yake so da abin da ke ɓata masa rai. Shi ake kira fasona, mutumin misali da aka gina don ya wakilci wani rukuni na masu amfani da manhajar. Shafin da ya kamata ya biyo bayansa, sinariyo, wato labarin yadda mutumin zai yi amfani da manhajar a wani wuri da wani lokaci don biyan wata buƙata, ko dai babu shi sam, ko kuma layi uku ne kacal: ya buɗe, ya danna, ya gama cikin jin daɗi. Ƙannena, a kan waɗannan shafuka biyu nasihata ta tsaya. Aikinsu ba ɗaya ba ne, kuma a ƙasa irin tamu wanda kuke rainawa shi ne mai yanke wa manhaja hukunci.

Fasona tana amsa tambayar "wane ne?" Tana gaya wa masu aiki irin mutumin da suke yi wa hidima: me ya iya, me yake tsoro, me yake son ya cim ma, wace irin waya ce a hannunsa, da wane harshe yake karatu in yana karatun. Abubuwa ne da ba sa sauyawa tsakanin safe da yamma. Sinariyo kuwa da agogo a cikinsa. Yana da abin da ya tayar da buƙatar, yana da wuri da lokaci, yana da matakai bi da bi, yana da abin da ya tare hanya, yana da ƙarshe, mai daɗi ko akasin haka. A ɗauki misalin mai zana shafin biyan kuɗin makaranta. Fasonarsa za ta ce: ɗaliba ce 'yar aji biyu, shekararta 20, wayarta Android ce mai ƙaramin ma'aji, mahaifinta manomin riɗi ne kuma shi ke biya mata. Duk da kyau, amma a cikin wannan bayani babu abin da zai gaya wa mai zane inda zai sa maɓalli. Sinariyon ne zai ce: yau ce ranar rufe rajista, kuɗin bai iso ba sai da la'asar domin sai yau uban ya sayar da riɗinsa, ta ciro lambar biya, ta kai wa mai POS, an cire kuɗin, shafin makaranta kuma yana nuna ba ta biya ba, ga cajin wayarta saura ƙiris. Nan take tambayoyin aiki suke zubowa. Me shafin zai rubuta mata a wannan minti? Akwai inda za ta danna a sake tantance biyan? Idan wayar ta mutu ta ari ta ƙawarta, za ta tarar da aikinta inda ta bar shi? Wace shaida za ta riƙe ta kai ofishin kuɗi gobe? Ɗalibar dai ita ce wadda ta yi rajista cikin kwanciyar hankali a zangon da ya wuce. Hali ne ya sauya, shi ne kuma ya haifi tambayoyin.

Tarihin abubuwan biyu ma yana nuna haka. Alan Cooper, ɗan Amurka da ake yi wa laƙabi da uban Visual Basic, shi ya yaɗa fasona a littafinsa na 1999, The Inmates Are Running the Asylum. Abin da ya dame shi shi ne kalmar "mai amfani" a bakin injiniyoyi: idan suna son ƙara wani abu mai wuya sai su ce mai amfani ƙwararre ne, idan suna son guje wa aiki sai su ce ai ba zai gane ba. Sai ya ce a tsayar da mutum guda, a ba shi suna da manufa, yadda ba wanda zai iya lanƙwasa shi don ya ci gardama a taro. Amma ku dubi yadda shi kansa ya ba da labarin farkon abin. A 1983, yana rubuta manhajar tsara ayyuka, ya tattauna da mutane bakwai ko takwas, ya fi mai da hankali ga wata mata mai aiki a kamfanin talla. A sa'o'in da yake jiran kwamfuta ta gama harhaɗa manhajar, sai ya fita yawo a filin wasan golf yana kwaikwayon matar, yana magana da muryarta, yana bin aikinta mataki-mataki don ya ga abin da za ta nema da abin da zai tsaya mata. Ashe tun ranar haihuwarta fasona a cikin labari take tafiya, kuma daga mutum mai rai aka samo ta. A ɗaya ɓangaren, John Carroll, wanda ya yi shekaru yana bincike a IBM, ya tattara littafi kan tsara manhaja ta hanyar sinariyo a 1995, ya biyo da Making Use a 2000. Hujjarsa ita ce labarin amfani abu ne da mai zane da injiniya da ɗan kasuwa da shi kansa mai amfani duk za su iya karantawa su yi gardama a kai, tun ba a rubuta layi ɗaya na manhaja ba, lokacin da gyara bai da tsada.

Ga inda nake son ku buɗe ido sosai. Cooper ya kasa sinariyo gida uku: amfanin yau da kullum, amfanin da ya zama dole ko da ba kullum ba ne, da kuma abin da kan faru jefi-jefi. Ya ce ƙarfin mai zane ya tafi ga na farko, na ukun kuwa a tanadar masa mafita amma kada a ɓata lokaci wajen ƙawata shi. Shawara ce mai kyau a Kalifoniya, inda ya rubuta ta. Wanda ya kwaso ta ya sauke a Keffi ba tare da ya sake rabon ba ya yi kuskure, domin ɗaukewar sabis a tsakiyar biya, da ɗaukewar wuta, da ƙarewar data, da jinkirin alat, waɗanda littattafan can suke jefawa a gida na uku, a nan gida na farko suke. Shaida ba ta da nisa. A watan Yunin 2020 sai da Babban Bankin Najeriya ya fito da ƙa'ida ta musamman kan kuɗin da aka cire ciniki bai faɗa ba, ya ce na ATM ɗin wani banki a mayar cikin awa 48, na POS da intanet cikin awa 72. Ba a kafa doka da agogo a kan abin da ba ya yawan faruwa. Ku je ku tsaya rabin sa'a a gefen mai POS a bakin tasha ko ƙofar jami'a, ku dubi teburinsa a ƙarƙashin laima. Za ku ga na'ura biyu ko uku na kamfanoni daban-daban, don in wannan ta ƙi waccan ta yi. Za ku ga batirin ajiya da igiyar caji. Sau da yawa za ku ga littafin rubutu mai datti, inda yake sa lambar waya da adadin kuɗi da ranar wanda kuɗinsa ya maƙale. Wannan littafi aikin da masu zanen manhaja suka bari ne, shi ya ƙarasa musu da biro. Kalmomin da suka fi yawo a wurin kuwa su ne "an cire", "bai shigo ba", "ban ga alat ba", "a ɗan jira sabis". Duk manhajar kuɗi da ba ta da amsa mai kwantar da hankali ga waɗannan kalmomi ba ta gama zanuwa ba, komai kyan launinta.

Waɗanda suka yi karatun zaure a cikinku sun riga sun san wannan hanyar tunani, ko da ba su ba ta wannan suna ba. Ku tuna Ahalari. Bayanin mukallafi da abin da ya wajaba a kansa bai ci wuri mai yawa ba. Inda littafin ya zauna ya baje shi ne babin rafkanuwa: wanda ya manta sura, wanda ya miƙe bayan raka'a biyu bai zauna ba, wanda ya yi shakka ko uku ya yi ko huɗu, wanda ya tarar liman ya yi nisa, kowanne da hukuncinsa, wannan ƙabli wancan ba'adi. Haka taimama ga wanda bai sami ruwa ba. Mai sallar bai sauya ba, halinsa ne ke sauyawa, malaman kuma ba su ɗauki mantuwa a matsayin abin kunya da za a kawar da kai daga gare shi ba. Sun san ɗan'adam zai rafkana, suka shirya masa hanyar gyara tun bai rafkana ba. Ba ina daidaita ibada da manhaja ba ne, Allah Ya kiyaye. Ina cewa ne tarbiyyar bin mas'ala ɗaya-ɗaya, a tambayi "to idan kaza ya faru fa?", gado ce a wurinku, bai kamata ku bar ta a zaure ba in kun zauna gaban kwamfuta.

Misali mafi girma da ƙasar nan ta gani shi ne eNaira. Ranar 25 ga Oktoban 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da ita, kuɗin intanet na babban banki na farko a Afirka, kuma cikin manyan manufofinta akwai jawo waɗanda ba su da asusun banki. Mutumin da ake nufi a bayyane yake, kowa zai iya zana fasonarsa. Amma ranar da aka buɗe, sai mai asusun banki da babbar waya ne zai iya shiga; lambar *997# ta masu ƙananan wayoyi ba ta zo ba sai a 2022. Wani bincike da Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya wallafa a 2023 ya gano cewa kashi 98.5 cikin 100 na asusun eNaira da aka buɗe ba a taɓa su ko sau ɗaya a cikin mako. Dalilan suna da yawa, akwai batun amana, akwai ƙarancin 'yan kasuwar da ke karɓa, ba zan ɗora komai a kan zane ba. Amma a ganina tambayar da ta rasa amsa ta sinariyo ce: a wace rana, a wane ciniki, mai sayar da doya zai ga eNaira ta fi masa tsabar kuɗi ko taransifar da ya riga ya saba? Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Da sauya fasalin Naira ya jefa mutane cikin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, manhajojin bankuna da dama suka riƙa cijewa saboda cunkoso, sai jama'a suka kwarara zuwa OPay da PalmPay da Moniepoint. Ba tallarsu ce ta fi kyau ba. A wannan minti da mai shago ke tsaye yana jiran alat kafin ya saki kaya, nasu ya fi saurin shiga, labari kuma ya bi baki.

Akwai inda aka yi daidai. M-Pesa ta Kenya, da aka fara gwajinta a 2005, an tsara ta ne don masu ƙananan basussuka su riƙa biyan wata cibiyar lamuni mai suna Faulu ta waya. Da masu aikin suka bi sawun abin da mutane ke yi da ita, sai suka tarar ana tura wa 'yan'uwa kuɗi, ana biyan ciniki, wasu ma suna zuba kuɗi kafin tafiya su cire in sun isa don gudun ɓarayi. Mutanen dai su ne, amma labarin da aka rubuta musu ba shi suke rayuwa ba. Safaricom ta bi labarin gaskiya, ta buɗe M-Pesa a watan Maris na 2007 a matsayin hanyar aika kuɗi gida. A nan gida ma, bayan JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015, ta lura da ɗalibin da ya san amsa amma bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, lokaci na tafiya hannunsa na rawa. A 2017 ta kawo tsarin maɓallai takwas: A, B, C, D don amsa, sauran huɗun don gaba da baya da miƙawa da komawa. Gyara ne ƙarami, amma wanda ya yi tunaninsa ya hango ɗakin jarrabawar ne, da agogonsa da fargabarsa. Haka Tecno ta ci kasuwar nan da waya mai layi biyu da batir mai jimiri, saboda ta san mutum yana sauya layi gwargwadon inda sabis yake, kuma wuta ba ta da alƙawari.

Akwai kuma wani zato da fasona ke ɓoyewa, wanda sai labari ne ke tona shi: cewa waya ɗaya ta mutum ɗaya ce. Shafin fasona hoto ɗaya ne da suna ɗaya, don haka mai zane yakan ɗauka mai asusun da mai wayar da mai dannawa duk mutum guda ne. Ku rubuta labarin magidancin da ke barin Keffi da asuba, ya bi ta Masaka da Mararraba ya shiga Abuja aiki da wayar a aljihunsa. Da hantsi yaro ya kamu da zazzaɓi, uwargida tana asibiti tana son ta biya, layin da aka yi rajistar asusun da shi yana can Nyanya cikin cunkoso, lambar sirrin da aka turo kuma za ta mutu cikin 'yan mintoci. Ko dattijuwar da jikanta ke danna mata komai, wanda ke nufin lambar sirrinta ba sirri ba ce. Ko manomin da fartanya ta cinye zanen yatsunsa, na'ura ta ƙi shaida shi. Wannan na ƙarshe ba talaka kaɗai yake samu ba: ranar 28 ga Maris 2015 na'urar tantance masu zaɓe ta kasa tantance Shugaba Goodluck Jonathan a mazaɓarsa ta Otuoke, sai da aka koma ga takarda. Ba fasonar da za ta hango wannan, domin matsalar ba ta cikin mutumin, tana tsakanin yatsa da gilashi a wannan safiya. Abin da ya fitar da shi ranar shi ne akwai hanya ta biyu da za a bi in na'ura ta ƙi.

Wani zai ce, in haka ne a jefar da fasona mana, a huta. Ba shi ne farkon mai faɗa ba. A 2006 Christopher Chapman da Russell Milham sun rubuta suka mai zafi, suna cewa ba yadda za a tabbatar da fasona ko a ƙaryata ta, kuma yawan bayanan da aka lafta mata yana rage adadin mutanen gaske da ta dace da su. Sukar tana da ƙarfi, kuma ta faɗa daidai kan irin fasonar da ake ƙirƙira a ɗaki ba a yi magana da kowa ba. Irin wannan ba ta nuna komai sai zaton mai ita. A gari kamar Keffi, inda Bahaushe da Bafulatani da Gwandara da Gbagyi da Eggon da Mada da baƙi daga kowace kusurwa ke cin kasuwa ɗaya, Musulmi da Kirista, wanda ya zana "manomin Arewa" guda da hula da carbi ya ce ya wakilci kowa, ya zana ra'ayinsa ne kawai. Duk da haka ban yarda a jefar ba. Labarin da ba a tsayar da mai shi ba, mai zane ne ke shigewa ciki ba tare da ya sani ba: jarumin sai ya zama mai jin Turanci, mai data, mai haƙurin karanta dogon rubutu, wato shi kansa. Ɗaukewar sabis ɗaya ce, amma ɗalibin kimiyyar kwamfuta zai jira ya duba tarihin cinikinsa, mai sayar da agushi kuwa za ta sake dannawa sau uku a cire mata sau uku. Fasona ce ke gaya maka wanne daga cikinsu za ka fifita in buƙatunsu suka yi karo. Ma'aunin gane ta ƙwarai mai sauƙi ne: a bi ta layi-layi, duk layin da in an goge shi ba wata shawarar zane da za ta sauya, a goge shi. "Mai goyon bayan Arsenal ne" ya tafi. "Ba ya rubuta saƙo, murya yake turawa a WhatsApp" ya zauna, domin wannan layi ɗaya zai iya rushe rabin shafukan da ka zana.

Wani kuma zai ce zamanin labari ya wuce, yanzu alƙaluma ke magana, a ɗauki matsakaicin mai amfani a yi masa aiki. A 1950 rundunar sojan saman Amurka ta auna jikin matuƙa jirgi 4,063 don ta gyara kujerar jirgi bisa matsakaicin awo. Wani matashin jami'i, Gilbert Daniels, ya duba mutum nawa ne suka faɗa cikin matsakaici a ma'aunai goma gaba ɗaya. Bai sami ko ɗaya ba. Maganin da aka koma gare shi shi ne kujerar da ake matsarwa. Alƙaluman manhaja suna da amfani, amma suna ƙirga waɗanda suka samu shiga ne; wadda ta tsaya a shafin farko saboda an nemi adireshin imel ba ta cikin lissafi, kuma ba za ta rubuto ƙorafi ba. Wannan gargaɗi ya hau kan masu sa ChatGPT da ire-irensa su rubuta musu fasona cikin minti ɗaya. Abin da zai ba ka zai yi tsaf, amma daga rubutun da ke intanet ya koyo, mai sayar da agushi kuwa ba ta rubuta rayuwarta a intanet ba. Ka yi amfani da shi ya gyara maka jimla in kana so. Zuwa kasuwa kuwa ba wanda zai yi maka.

Uzurin da ya fi yawa shi ne rashin kuɗi: bincike na manyan kamfanoni ne. Jakob Nielsen ya rubuta tun 2000 cewa gwaji da mutum biyar yakan fito da kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin amfani, in mutanen rukuni ɗaya ne, kuma gara a yi ƙananan gwaje-gwaje sau da yawa da a yi babba sau ɗaya. Masana sun yi gardama kan adadin, amma ba wanda ya ce sifili ya fi biyar. A nan ma kun fi mai zanen Legas ko Landan gata, domin mutanen da yake biyan kuɗi a nemo masa maƙwabtanku ne, kuna jin harshensu, kun san gaisuwar da ke buɗe baki. Sai dai a iya tambaya. Kada ka ce "Baba, za ka yi amfani da manhaja irin wannan?", domin kunya da kara za su sa ya ce ƙwarai kuwa, Allah Ya yi albarka. Ka ce ya ba ka labarin ranar ƙarshe da kuɗinsa ya maƙale: ina yake, wa ya kira, kwana nawa ya yi, me ya rasa. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ka nemi izini, kada ka ɗauki hoto ko lambar asusu, kada ka sa sunansa a aikinka. Ƙannena mata kuwa, ku san kuna riƙe da abin da samari ba su da shi: kuna shiga cikin gida ku zauna da matan da ke sana'a a tsakar gida, masu adashe da masu ƙuli-ƙuli da masu ɗinki, waɗanda kuɗi ke bi ta hannunsu kullum amma ba a cika jin labarinsu a ɗakin zane ba.

Gaskiya ne labarai ba sa ƙarewa, wanda ya ce sai ya rubuta duk abin da ka iya faruwa ba zai taɓa fitar da manhaja ba. A auna kowanne da abu biyu, yawan faruwarsa da girman ɓarnarsa. Abin da ke faruwa kullum a ba shi mafi kyan zane. Abin da ba ya yawan faruwa amma in ya faru mutum zai rasa jarinsa ko zangon karatunsa, a ba shi mafita bayyananna da mutum mai rai da za a iya kira. Sauran su jira. Gaskiya ne kuma sinariyo ma ana iya ƙirƙirarsa daga son rai kamar fasona. Bambancin shi ne ƙaryarsa ba ta daɗewa: ka karanta wa mai POS labarin da ka rubuta, kafin ka kai tsakiya zai tare ka ya ce ba haka ake yi ba.

Na san masu ɗaukar aiki suna son ganin shafin fasona, ban ce ku cire shi ba. Ku rage masa ado, ku rubuta a ƙasansa mutum nawa kuka tattauna da su kuma a ina. Sannan ku bi shi da labari biyu, na ranar da komai ya tafi daidai da na ranar da sabis ya ɗauke bayan an cire kuɗi, ku nuna shafin da kuka zana wa kowane mataki na labarin na biyu, har da ainihin kalmomin da manhajar za ta faɗa, da Hausa in masu ita Hausa suke ji. Kafin ku sake buɗe Figma a aikinku na gaba, ku rubuta wannan labari a takarda, shafi ɗaya ya isa, ku kai wa wanda abin ya taɓa faruwa da shi ya gyara muku.